Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin makarantun renon yara: a soke dokar "sai ka cinye"

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku shugabanni, malamai da masu raino, ku da iyaye ke damƙa wa amanar 'ya'yansu tun da sassafe. Mun san nauyin da ke kanku, kuma mun san ciyar da yara goma sha biyar a lokaci guda aiki ne da sai wanda ya yi ya san wuyarsa.

Mu ma'aikatan lafiyar yara ne da masu ba da shawara kan ciyar da ƙanana. Muna magana da yawun iyayen da ke kawo kukan cewa ɗansu ba ya cin abinci, da kuma yawun yaran su kansu, waɗanda bakinsu bai kai su faɗi abin da ke damunsu ba. Abin da ya sa muka rubuto muku shi ne wata doka da ta zama ruwan dare a makarantu da yawa, a wasu wuraren a rubuce, a wasu kuwa a baki kawai: yaro ba zai tashi daga wurin cin abinci ba sai ya cinye abin da ke kwanonsa. Mun yarda niyyar mai kyau ce. Mai raino tana tsoron a ce ta bar ɗan mutane da yunwa, makaranta kuma tana son uwa ta buɗe kwano da yamma ta gan shi wayam. Amma wannan doka tana ƙara wa yaro mai zaɓen abinci ƙin abinci, kuma muna roƙon ku soke ta.

Kafin mu shiga ƙorafi, bari mu faɗi abin da ke faruwa a jikin yaron, domin yawancin kuskuren daga rashin sanin wannan yake tasowa. A shekararsa ta farko jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa har sau uku. Da ya wuce shekara ɗaya sai girman ya lafa, ya koma ƙarin kilo 2 zuwa 3 a shekara. Jikin da ya rage gudun girma ba ya neman abinci kamar da, saboda haka yaron da ke buɗe baki ga duk cokalin da ya zo a wata tara zai iya kawar da kai a wata goma sha takwas, kuma lafiyarsa lau. A daidai wannan lokaci ne tsoron sabon abinci ke bayyana, ya fi tsanani tsakanin shekara 2 zuwa 6, sannan ya yi sauƙi a hankali. Wani bincike da aka yi a kan tagwaye a Ingila, aka buga a 2007, ya nuna cewa kusan kashi 78 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin yara wajen wannan tsoro gado ne. Harshen yaro kuma ya fi na babba jin ɗaci, shi ya sa ganye da kabeji ke shan wuya a hannunsa fiye da ayaba. Duk wanda ya fahimci wannan zai daina kiran yaron da taurin kai, ya kuma daina zargin uwar da cewa ita ta sangarta shi.

Ƙorafinmu na farko, kuma mafi girma, shi ne matsin lamba. Yana da fuska iri-iri: tsawa, zare ido, riƙe yaro a kujera bayan sauran sun fita wasa, bin sa da cokali, har da lallashin da ba ya ƙarewa, "ɗaya kawai, don Allah, ɗaya kawai". Masu bincike a Jami'ar Jihar Pensilbeniya ta Amurka, cikinsu har da Leann Birch wadda ta shafe shekaru tana nazarin cin abincin yara, sun gwada wannan a 2006. Sun riƙa ba yara miya, wani lokaci ana ce musu su shanye, wani lokaci a ƙyale su. Yaran sun fi sha a lokacin da ba a matsa musu ba, kuma sun fi kushe miyar a lokacin da aka matsa. Dalilin a fili yake. Yaron da ke cikin fargaba cikinsa ba ya karɓar abinci, kuma ƙwaƙwalwarsa tana ɗaure ɗanɗanon abin da aka tilasta masa da ɓacin ran da ya ji. Gobe idan ya hango karas, abin da zai tuna shi ne kukan jiya. Manya da yawa suna iya faɗin abincin da har yau ba sa ci saboda an taɓa tilasta musu shi suna ƙanana.

Akwai kuma wata illa da ba a gani nan take. Yaro mai lafiya yana zuwa duniya da ma'aunin yunwa da ƙoshi a jikinsa. Yau zai ci da yawa da safe ya ɗan taɓa da rana, gobe ya juya, amma idan aka haɗa abin da ya ci a yini, ko a mako, sai a ga lissafin ya daidaita. Dokar "sai ka cinye" tana koya masa ya daina sauraron cikinsa ya koma kallon kwano. Wannan ɗabi'a ce da ke bin mutum har girma, ta sa ya riƙa ci bayan ya ƙoshi.

Ɗure kuwa ba ma za mu tsaya jan magana a kansa ba. Kwantar da yaro, toshe masa hanci ko matse masa kumatu a zuba abinci yana kuka na iya tura abincin ta hanyar iska zuwa huhu, ya jawo ciwon huhu ko shaƙewa nan take. Rai ake wasa da shi. Duk makarantar da aka samu ana yin haka a cikinta, shugabanta ya dakatar da shi yau, kada ya jira taron malamai.

Na biyu shi ne cinikin da ake yi da yara: "in ka cinye wake za ka samu alewa". Yana aiki a ranar, shi ya sa ake son sa. Sai dai saƙon da yaro ke ɗauka shi ne wake wahala ce da ake biyan mutum don ya jure, alewa kuma ita ce abin so. Darajar alewa ta hau, ta wake ta faɗi. Idan za a yi lada, to ya zama ba na ci ba ne, kuma a bayar don ɗanɗanawa, kada a ɗaura shi a kan cinyewa. Lucy Cooke da abokan aikinta a Landan sun nuna a 2011 cewa 'yar sitika ko yabon baki ga yaron da ya ɗanɗana kayan lambun da ba ya so na ƙara masa cin su, kuma tasirin ya ci gaba har bayan wata uku da daina ba da ladan.

Na uku, yawan zubi. Ana cika wa ɗan shekara biyu kwano kamar na ɗan shekara takwas, sannan a ce bai ci komai ba. Cikin yaro bai wuce girman dunƙulen hannunsa ba. Ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne babban cokali ɗaya na kowane nau'in abinci ga kowace shekara ta yaron: ɗan shekara uku, cokali uku na shinkafa, uku na wake, uku na kayan lambu, in ya nemi ƙari a ƙara masa. Tulin abinci yana karya wa yaro mai zaɓe gwiwa tun kafin ya ɗauki cokali.

Na huɗu shi ne abin da ke shiga ciki tsakanin abinci da abinci, kuma a nan ne muke ganin sakaci ya fi yawa. Yaro yana yawo da gorar madara ko lemon kwali tun safe, biskit a aljihu, sannan a zaunar da shi da rana a yi mamakin ya ƙi ci. Ai ba yunwa yake ji ba. Madarar da ta wuce kimanin mililita 500 a yini ga yaron da ya haura shekara ɗaya tana cika ciki, kuma da yake sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, kaɗan ne a cikinta, yaron da ya dogara da ita yakan faɗa ƙarancin jini. Ƙarancin jinin kuma yana ƙara kashe sha'awar abinci, sai abin ya zama zagaye. Ruwan 'ya'yan itace, Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ce kada a ba jaririn da bai kai shekara ba, kuma kada ya wuce mililita 120 a yini ga 'yan shekara 1 zuwa 3. Abin da ya dace shi ne tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin ci da ci, ruwa zalla a tsakani.

Sai maganar baki. "Wannan ai ba ya cin ganye." "Ka ga ɗan'uwanka ya cinye, kai kana nan kana tsirfa." Yaro yana ji, kuma sunan da aka laƙaba masa shi yake zama. Haka nan kunna masa waya ko talabijin a riƙa cusa cokali yana kallo: abinci ya shiga, amma bai gan shi ba, bai san sunansa ba, bai koyi komai ba, kuma ranar da babu waya ba zai ci ba.

To, me za a yi a maimakon haka? Wata masaniyar abinci 'yar Amurka, Ellyn Satter, ta tsara rabon aiki da muke ganin ya kamata a liƙa a bangon kowane ɗakin cin abinci. Babba ne ke yanke abin da za a ci, da lokacin da za a ci, da wurin da za a ci. Yaro ne ke yanke ko zai ci, da yawan da zai ci. Wasu na jin wannan sai su ɗauka sakin linzami ne. A'a, rabin babba yana da tsauri. Ba a dafa wa yaro wani abu daban don ya ƙi na gabansa, ba a buɗe biskit minti goma bayan an ɗauke kwano, kuma lokacin ci idan ya wuce ya wuce sai na gaba. Abin da aka cire kawai shi ne hannun babba a bakin yaro.

Ga yadda ake gabatar da sabon abinci a aikace. A zaɓi abu ɗaya tak, a ce dafaffen karas. A sa ɗan mitsitsi, kamar ƙwayar wake, a gefen abincin da an san yaron yana ci, kada a cakuɗa, domin yara da yawa idan baƙon abu ya taɓa wanda suka sani sai su ƙi duka. Dole a kowane zama a samu aƙalla abu ɗaya da yaron ya saba da shi, don kada ya zauna cikin tsoron zai tashi da yunwa. Mai raino ta zauna tare da su, ta ci nata karas ɗin a gabansu, ta faɗi yadda yake: launinsa, laushinsa, ɗan zaƙin da ke cikinsa. Ta gayyace shi sau ɗaya, "ko za ka ɗanɗana?" In ya ce a'a, ta ce "to, wata rana", ta ci gaba da hira. A ajiye ɗan kwano ko tsumma a kusa, a gaya masa in bai ji daɗi ba yana iya tofarwa a ciki. Wannan izinin tofarwa yana da muhimmanci ƙwarai, domin yaron da ya san akwai hanyar fita ya fi yarda ya gwada. Bayan minti 20 zuwa 30 a ɗauke kwanuka ba tare da faɗa ko sharhi ba.

Sannan a maimaita, kuma a nan ne yawancin mutane ke sarewa. Yaro yakan buƙaci ya ɗanɗana sabon abu sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓe shi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya gano cewa yawancin masu kula da yara kan yanke hukuncin yaro ba ya son abu bayan gwaji uku zuwa biyar kacal. Wato ana ajiye aikin tun ba a yi nisa ba. A Landan, Jane Wardle da abokan aikinta sun sa iyaye su riƙa ba yaro ɗan ɗanɗanon kayan lambun da ya ƙi kullum har kwana 14, kuma son abin da cin sa duk sun ƙaru. Mu lura da cewa gani kaɗai bai kai ɗanɗanawa tasiri ba, amma shi ne matakin farko. Yaro yakan fara da yarda abin ya zauna a kwanonsa, sai ya taɓa, ya shinshina, ya lasa, ya gatsa ya tofar, daga baya ya haɗiye. Kowanne cikin waɗannan ci gaba ne, kuma yaron da ya mutsuttsuka karas da yatsunsa yau ya matso kusa da cin sa. A bar su su ɓata hannu.

Idan abu ya ƙi karɓuwa ta wata siga, a sauya sigar kafin a ce ba ya so. Wanda ya ƙi dafaffen karas mai laushi zai iya son gogagge, wanda ya ƙi dafaffen ƙwai zai iya cin soyayye. Sau da yawa yanayin abin a baki ne matsalar, kamar santsi ko gudaji, ɗanɗanon bai dame shi ba. Ana kuma iya gina gada daga abin da yake so: mai son soyayyen dankali a gwada masa gasasshe, daga nan dafaffe, daga nan kabewa da aka yanka irin yankan dankalin. Ɓoye kayan lambu a cikin miya yana ƙara amfani a jiki, ba mu hana ba, amma ba ya koya wa yaro son su, kuma ranar da ya gano an yaudare shi zai fara zargin har abin da yake ci da. A yi duka biyun: na cikin miya, da na fili a gefe.

Abin da ya sa muka nufo ku da wannan wasiƙa maimakon iyaye shi ne kuna da makamin da babu shi a gida, wato sauran yara. Tun a 1980 Birch ta nuna cewa idan aka zaunar da yaro tare da tsaransa masu son kayan lambun da shi ba ya so, cikin kwana huɗu zaɓinsa yakan fara karkata zuwa nasu. Uwa za ta yi wata tana lallashi, abokin zama ya gama aikin da cokali biyu. Saboda haka kada ku ware masu zaɓe a kusurwa ɗaya da sunan a sa musu ido. Ku raba su cikin masu ci, ku bar ido ya yi aikinsa, ba tare da kowa ya ce "dubi wane" ba. Ku ba su aikin da ya dace da shekarunsu: wanke tumatir, ɓare ayaba, raba cokula, zuba wa kansu daga babban kwano. Yaro ya fi yarda da abin da hannunsa ya taɓa.

Sabon abinci yana zuwa da haɗari biyu da ya wajaba kowace mai raino ta sani. Ɗaya shi ne shaƙewa. Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ko makamantanta a dunƙule, inabi a tsaga shi a tsaye gida huɗu, ɗanyen karas mai tauri a goga ko a dafa, kifi a cire ƙaya tsaf, kuma kowa ya ci a zaune, babu gudu ko kwanciya da abinci a baki. Ɗayan kuma shi ne abincin da jiki ba ya karɓa, wanda aka fi samu da madara, ƙwai, gyaɗa, kifi, alkama, waken soya da riɗi. Ku tambayi iyaye a rubuce tun ranar ɗaukar yaro. Ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko fuska, amai ko sarƙewar numfashi jim kaɗan bayan ci, alamu ne na a daina bayarwa. In numfashi ya taɓu kuwa, asibiti nan take. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

Ba kowane ƙin abinci ne na ƙuruciya ba, kuma ku da kuke ganin yaro kullum kuna iya riga iyaye lura. Ku shawarce su su ga likita idan yaro yana ramewa ko nauyinsa ya tsaya cak, idan nau'in abincin da yake ci bai kai 20 ba kuma yana ƙara raguwa, idan ya ƙi rukuni guda gaba ɗaya, idan yana kakari, tari ko ƙwarewa a yawancin ci, idan yana kukan ciwo wajen haɗiya, ko ya yi fari fat da kasala. Wani lokaci dalilin mai sauƙin magani ne: taurin bayan gida, ruɓaɓɓen haƙori, gyambon baki, tsutsar ciki ko ƙarancin jini. Wani lokaci kuma lalura ce ta tsananin ƙin abinci ko taƙaita shi, da likitoci ke kira ARFID, wadda aka shigar cikin kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka a 2013, kuma an fi ganin tsananin zaɓen abinci ga yara masu lalurar otizim, wadda ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane. Irin waɗannan yara ba a cewa "yunwa za ta sa ya ci", domin suna iya zama da yunwar har su galabaita. Muna kuma roƙon kada wata malama ta ba iyaye shawarar sayen maganin buɗe ciki. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin da ke sa barci, kuma suna rufe ainihin matsalar. Wannan hurumin likita ne.

Buƙatunmu gare ku su ne waɗannan. Ku fitar da rubutacciyar sanarwa da ta haramta ɗure, horo, hana wasa ko kunyata yaro a kan abinci, kowace ma'aikaciya ta karanta ta sa hannu. Ku tsayar da lokutan ci, ku hana yawo da madara da lemo a tsakaninsu. Ku tabbatar masu raino suna zama su ci tare da yara, ko da loma biyu ce, maimakon tsayuwa a kansu. Ku horar da aƙalla mutum ɗaya a kowane aji kan taimakon gaggawa ga yaron da ya shaƙe.

Sai takardar rahoton da kuke aika wa iyaye. Muddin abin da ke cikinta shi ne "ya cinye" ko "bai cinye ba", mai raino za ta ci gaba da matsa wa yaro don ta kare kanta, komai dokar da kuka kafa. Ku sauya ta. A rubuta abin da aka gabatar, karo na nawa ne, da abin da yaron ya yi da shi: ya kalla, ya taɓa, ya lasa, ya ci. Ku kira iyaye taro a farkon zango ku bayyana musu cewa kwano zai riƙa dawowa da saura, ku faɗa musu dalili, ku roƙe su su bi tsari iri ɗaya a gida, domin yaron da ake ƙyalewa da rana a matsa masa da dare ba zai saki jiki ba. Ma'aunin da za ku nuna musu shi ne nauyi da tsayin yaron a katin awonsa, da kuzarinsa a wurin wasa. A shirye muke mu zo mu zauna da malamanku da iyayen a wannan taro idan kun gayyace mu.

Allah Ya ba ku ikon riƙe amanar da ke hannunku, Ya raya mana yaran cikin ƙoshin lafiya.

Wassalam,
Ma'aikatan lafiyar yara da masu ba da shawara kan ciyar da ƙanana